Tsamiyar Ungulu Ta Zama Gawayi: Gonakin Daura da Tsuntsayen da Suka Daina Zuwa

Wata safiyar Asabar na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, 'yata mai shekara tara ta tare ni da littafinta na Hausa. An ba su aikin gida su kawo ma'anar karin magana biyar. Ta yi huɗu, ɗaya ta gagare ta: ungulu ba ta jewar banza. Na soma yi mata bayani ina hamma, cewa idan aka ga mutum yana zarya a wuri, to akwai abin da ya hango. Sai ta katse ni.

"Umma, ai ita ungulun ce ban sani ba. Kamar shirwa take?"

Nan take barcin da ke idona ya washe. Ni da ban cika shekara arba'in ba, na taso ina ganin ungulu a jere kan katangar kwata, tana yawo a bayan rumfunan mahauta kamar kazar gida, sai an kora ta take ɗan matsawa. Yau ga yarinyar da aka haifa a Daura, take girma a Daura, ba ta taɓa ɗora ido a kanta ba. Da na zauna na yi lissafi, ni kaina na kasa tuna ranar da na yi mata ganin ƙarshe.

Tun daga wannan rana na shiga tambayar tsofaffi, a gida da wurin aiki, ina kuma karanta abin da masana suka rubuta. Amsar da na yi ta cin karo da ita ɗaya ce. Tsuntsayen ƙasar Daura a gonakinmu da bishiyoyin ƙofar gidajenmu suke zaune, don haka duk abin da muka yi wa ƙasar, su ne farkon waɗanda yake nunawa a jikinsu, mu kuma mu biyo baya.

Ina tsuntsu yake kwana a ƙasar Daura?

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna BirdLife International da ke tantance wuraren da suka fi muhimmanci ga rayuwar tsuntsaye. A jerin da ta fitar na Afirka a 2001, Najeriya ta samu wurare 27. Daga ciki akwai tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, da dajin Yankari a Bauchi, da dajin Falgore a Kano, da kuma dausayin Haɗeja zuwa Nguru. Daura ba ta cikin jerin. Ba mu da manyan tsaunuka, ba mu da ƙungurmin daji mai masu gadi da bindiga.

Wanda ya bi hanya daga Daura zuwa Zango ko Baure, ko ya nufi Sandamu ko Mai'aduwa, abin da zai gani shi ne jigawa da gonakin gero da dawa da wake da gyaɗa, an yayyafa musu bishiyoyi nan da can: gawo, kuka, tsamiya, aduwa, kanya, kurna, magarya, da goriba a wuraren da ruwa ke kusa. Sai fadamu, da tafkunan da ke cika da damina su ƙafe da rani, da madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam. Wannan shi ne duk mazaunin da tsuntsu yake da shi a wurinmu, kuma kowane taku nasa yana da mai shi. Kurciya da hasbiya da cilakowa suna cikin gona. Balbela tana bin shanu. Zalɓe da kirinjijiya suna bakin ruwa. Makwarwa da zabon daji suna cikin sabara da kalgo na gonar da aka bari ta huta. Mai gadinsu shi ne manomi da makiyayi da uwargida mai girki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Shamuwa, baƙuwar da ba a jifa

Kakata, Allah ya ƙara mata lafiya, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Sandamu. Da na kai mata wannan zance, ba ta ko tsaya kan ungulu ba, shamuwa ta kama.

"Ke yarinya, a da wa yake tambayar rediyo yaushe ruwa zai sauka? In shamuwa ta sauka kan tsamiyar ƙofar gidan mai gari, kowa ya san lokacin gyaran gona ya ƙure, sai a fiddo iri. Yaron da ya harbe ta da danƙo kuwa, ranar sai jikinsa ya gaya masa."

Na ce, "Kaka, yanzu fa?"

Ta ce, "Tsamiyar ma tana ina? Tun shekarar da aka yanka filaye aka sayar wa masu gawayi."

Abin da kakata ta sani da ido, masana sun tabbatar da shi. Shamuwa tana zuwa yankinmu gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan manyan bishiyoyi a tsakiyar gari, wani lokaci har kan jinka, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe. Da kaka ta ƙarato sai ta kwashi 'ya'yanta ta nufi kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana, inda a lokacin tasu daminar ke farawa. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran manyan ƙwari, wato dai maƙiyan gero da wake. Garin da shamuwa ke sheƙa ya samu mai feshi kyauta, wanda ba ya sa wa kowa tari ko ƙaiƙayin ido.

Ita kuwa buƙatarta ba ta da yawa: babbar bishiya mai rassa masu ƙarfi, da mutanen da za su ƙyale ta. Bishiyar da za ta ɗauki sheƙar shamuwa ko ta ungulu kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta kai, amma mai injin yankan katako yana gamawa da ita kafin azahar.

Baƙi daga Turai, da bambancin gawo da bedi

Akwai wasu baƙin da ba mu cika lura da su ba saboda ƙanƙantarsu. Duk shekara, idan sanyi ya shiga Turai, miliyoyin ƙananan tsuntsaye suna ratso teku da hamadar Sahara su sauka a wannan yanki namu na Sahel, su yi watanni har zuwa bazara. Wasunsu ba su kai nauyin gram 20 ba. Turawan Ingila sun fahimci yadda rayuwar tsuntsayensu ta rataya a kan ƙasarmu ne a 1969, lokacin da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a shingayen gonakinsu ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku ko fiye a shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin da ya soma a Sahel ne ya hallaka su, farin da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 wadda iyayenmu ba su manta da ita ba.

Wasu masana 'yan ƙasar Holan, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna bin bishiyoyin Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kansu. Sun samu cewa baƙin nan sun fi taruwa a kan 'yan bishiyoyi kaɗan, akasari masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da dangin farar ƙaya. A kan bedi kuwa, wato darbejiya, da wuya a same su. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tauna ganyen bedi. Ɗacin da ke korar ƙwari daga jikinsa shi ne ke hana tsuntsu samun abinci a kansa. Shi kuwa gawo yana yin ganye da fure da rani, daidai lokacin da baƙin suke nan, kuma ƙwari na cika shi.

Wannan ya sa na sake kallon garinmu. Titunan Daura da makarantunmu da harabar asibitoci cike suke da bedi, kuma alhamdu lillahi yana ba mu inuwa, yana jure fari, akuya ba ta cika damunsa ba. Amma idan aka sare gawo goma a gona aka dasa bedi goma a bakin titi, a takarda lissafi ya yi daidai, a wurin tsuntsu da ƙasar noma kuwa an yi asara. Gawo bishiya ce mai zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne a tsakiyar rani. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsayi da kauri.

Me ya canja?

Babu wanda ya tashi da niyyar korar tsuntsaye. Abubuwa ne suka taru. Mun ƙaru, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ne suka raba ta, saboda haka babu sauran barin gona ta huta, kuma da hutun gona ya tafi, sabara da kalgon da makwarwa ke ɓuya a ciki suka tafi. Gari yana faɗaɗa, gonakin bakin gari sun koma fulotai. An cinye burtali a wurare da yawa, makiyayi ya rasa ciyawa, sai ya hau gawo da gatari ya sassare rassan har bishiyar ta gaza farfaɗowa. Mai garmar shanu ko tarakta yana ganin kututture a matsayin cikas, sai ya tumɓuke shi.

Sai kuma babbar magana, wato murhu. Tun da kuɗin gas da kalanzir suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa da suka bar icce sun koma masa, buhun gawayi ya zama kayan da ake lodi a mota. Ba zan ɗora wa kowace uwa laifi ba, domin ni ma na sayi gawayi a watan da albashi ya yi gardama. Wanda yara ke kuka a gabansa ba ya tunanin sheƙar shamuwa. Sai dai a wurin aiki ina ganin ɗaya fuskar al'amarin: jariri goye a bayan uwa a cikin madafa mai hayaƙi, bayan kwana biyu a kawo shi yana numfashi sama-sama da ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana da hannu a mutuwar mutum wajen miliyan 3 duk shekara. Bishiyar da muka sare ta cuce mu sau biyu, a gona da kuma a ƙirjin 'ya'yanmu.

Batun kududdufi ma sai an yi adalci. A matsayina na ma'aikaciyar jinya na san kwantaccen ruwa a cikin unguwa gidan sauro ne, kuma yaran da ke wanka a tafki su ne ke zuwa mana da tsargiya. Kududdufin da ya zama juji gara a gyara shi. Amma fadama da tafkin bayan gari daban ne. Nan ruwan sama ke taruwa ya nitse ya ciyar da rijiyoyi, nan dabbobi ke sha, nan tsuntsayen ruwa ke sauka. Idan aka cike su aka yi gini, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Ungulu, ma'aikaciyar tsafta da ba a biya

Mu koma kan tambayar 'yata. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta saka irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Dalilan da masana suka lissafa a Afirka ta Yamma sun haɗa da farautarta don sayar da kai da sauran sassanta ga masu tsibbu, da gubar da ake barbaɗa wa mushe don kashe karnuka ko namun daji, da kuma rashin manyan bishiyoyin sheƙa. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka duk wadda aka kashe, cike gurbinta sai an daɗe. Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To idan ta koma ta tarar da kututture fa?

Abin da ya faru a Indiya ya isa ya sa duk ma'aikacin lafiya ya nutsu. A shekarun 1990 makiyayan ƙasar suka rungumi yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jiki da mu ma muke bai wa marasa lafiya. Ashe duk ungulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa allurar, ƙodarta ke lalacewa ta mutu. Cikin shekara goma sha, ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka gano musabbabin, aka haramta bai wa dabbobi maganin a 2006. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Daura ba Indiya ba ce, kuma yadda muke yi da dabbobinmu ya bambanta da nasu. Amma aikin da ungulu ke yi ɗaya ne a ko'ina. Cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, kuma taronsu kan share gawar jaki cikin ɗan lokaci. Yau idan dabba ta mutu a bayan gari, kwana da kwanaki take yi tana wari, ƙudaje na tashi daga kanta su sauka a kan abincin yara.

"Ai tsuntsu ɓarawon gero ne"

Na san wani manomi zai karanta wannan ya ce, Sista, ba ki taɓa kwana a gona kina kaɗa gwangwani don korar jan baki ba. Gaskiyarsa ne. Garken jan baki na iya share gonar gero ko shinkafa a yini guda. Amma a dubi abin da ya faru a maƙwabtanmu na Haɗeja da Nguru, wurin da ya fi ko'ina shahara da tsuntsayen ruwa a arewacin Najeriya, wanda wani sashensa ya shiga yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar a 2000. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ya sauya. Wasu wurare suka bushe, wasu kuma ruwa ya zauna musu shekara cur. A nan ciyawar kacalla ta samu wuri, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama makwancin jan baki. Gauraka kuwa, mai tukkun zinariya da a da ake gani a fadamun arewa har ake kiwonta a gidajen sarauta, yau ganinta a Najeriya sai an yi dace. Ƙasa idan ta rikice, mai amfani ne ke fara tafiya, mai ɓarna ya samu fili.

Darasi daga tsallaken Kwangwalam

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne maganin ba a Turai yake ba. Yana nan tsallaken iyaka, wurin 'yan uwanmu da muke haɗuwa da su a kasuwar Mai'aduwa. Duk wanda ya bi ta Kwangwalam ya shiga ƙasar Matamaye, ko ya je Magarya da Mirya a jihar Damagaram, zai ga gonaki cike da matasan gawo, ga kuma gero a ƙarƙashinsu.

Ba dasa su aka yi ba. A farkon shekarun 1980 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, ya gaji da ganin yawancin abin da ya dasa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tohon kututturen tsofaffin bishiyoyi ne, masu saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman Nijar ke kira sassabin zamani, mai sauƙi ce. Lokacin sassabe, manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski duk shekara, ya kare su daga dabbobi da wuta. Tunda saiwar ta riga ta yi nisa, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. A yankin Damagaram ma manoma da yawa sun kama barin gawo da kansu bayan wahalar fari. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200. Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne manomi ya samu tabbacin cewa bishiyar da ya raina tasa ce, zai iya cin moriyar reshenta ba tare da fargabar tara ba.

Ƙasarsu irin tamu ce, ruwansu bai fi namu ba. Jihar Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Najeriya, kuma dashen da ake yi abin yabo ne. Amma sassabin zamani ba ya jiran kwangila ko motar ban ruwa. Wuƙa da lauje da haƙurin shekara uku zuwa huɗu sun isa a fara ganin canji. Rassan da aka datse kuma su ne iccen girkin uwargida, ba sai ta saya ba.

Abin da kowane gida zai iya

Maigida mai gona, a sassaben bana a bar ko da kututture goma, musamman gawo da aduwa da kalgo. Mai sayen fuloti, idan akwai tsamiya ko kuka a ciki, a roƙi magini ya kauce mata. Iyaye mata, murhu mai tsimin icce, ko na laka ne da ake ginawa a gida, yana rage icce yana rage hayaƙi, kuma a daure a sauke jariri daga baya kafin a shiga madafa. Makiyaya da masu kiwo a gida, kada a sa guba a mushe, kuma a nemi shawarar likitan dabbobi kafin a yi wa dabba allurar ciwon jiki. Masu unguwanni da dagatai, tsohuwar dokar nan ta hana taɓa shamuwa da bishiyar da take kai ba ta buƙatar kasafin kuɗi, magana ce daga bakinku. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu cewa wanda ya shuka bishiya, duk mutum ko dabba ko tsuntsun da ya ci daga gare ta, sadaka ce a gare shi.

Da damina ta faɗi na kai 'yata wurin kakata. A bayan gari akwai wata tsohuwar kuka da ta tsira saboda tana cikin maƙabarta, a kanta muka ƙirga sheƙar shamuwa uku. Yarinyar ta daɗe tana kallon yadda uwar ke saukowa da fara a baki. A hanyar dawowa ta ce, "Umma, saura ungulu." Na ce mata in sha Allahu, amma har yau ban san inda zan kai ta ba.

Shi ya sa nake roƙon masu karatu, musamman na Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, da 'yan uwa na tsallake: ku rubuto mana a ƙasa sunan garinku, da shekarar da kuka yi wa ungulu ko gauraka ganin ƙarshe, da kuma ko shamuwa ta sauka muku bana, a kan wace bishiya. Wanda ya san inda ungulu ke kwana har yanzu, ya faɗi garin kawai, kada ya kwatanta bishiyar, domin ba kowane mai karatu ne ke nemanta don kallo ba. Allah ya ba mu damina mai albarka.